Dusar ƙanƙarar masu kuɗi: wa aka bar wa sauran lissafin?

 

Kowace shekara da hunturu ya kama, akwai wasu bidiyoyi da ke fara yawo cikin salulolinmu, daga TikTok su faɗo Facebook, daga nan su bazu cikin WhatsApp. Kun san su. Dutse fari fat, gidan katako mai fitilu, mutane sun ɗaura wasu dogayen alluna a ƙafa suna zamiya daga bisa zuwa ƙasa, wani kuma yana kwance cikin ruwan ɗumi yana kallon tsauni. Sai a liƙa musu take: wurare goma da suka fi tsada da daɗi don hutun sanyi. A ƙarƙashi ga samarinmu nan suna rubuta "Allah ka kai mu", "wannan ita ce rayuwa", wani ma har ya ce aljannar duniya. A fada kuwa, tsakanin shayi na fari da na biyu, salular na zagayawa hannu-hannu.

Yau da wannan bidiyo muke faɗa. Ba mu ƙi kowa ya huta ba, hutu ba laifi ba ne. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne bidiyon na nuna maka abin da baƙo ya biya, yana ɓoye abin da aka bar wa wasu su biya a madadinsa. In kuwa aka bi lissafin har ƙarshe, za a tarar da sunanmu a ciki.

Mu fara sanin wurin tukuna. Tsaunukan da ake nunawa sunansu Alp. Sun miƙe kamar kilomita 1,200, sun ratsa ƙasashe takwas na Turai, cikinsu har da Faransa, Suwis, Italiya da Otirish. Ƙololuwarsu mafi tsawo, Mont Blanc, ta haura mita 4,800. Ku kwatanta da namu mafi tsawo cikin duwatsun Bagzan, can Abzin, mai mita 2,022. Garuruwan da sunansu ke dawowa cikin kowane jeri kusan su ke nan: Courchevel, Megève da Val d'Isère a Faransa, Saint-Moritz, Gstaad, Verbier da Zermatt a Suwis, Cortina a Italiya, Lech da Kitzbühel a Otirish. Wasan da ake zuwa yi shi Faransawa ke ce wa siki, mu sai mu kira shi zamiyar ƙanƙara.

Tun asali harkar ta masu hannu da shuni ce. Ana ba da labarin cewa a 1864 wani mai otel a Saint-Moritz, Johannes Badrutt, ya ce wa baƙinsa Turawan Ingila su dawo lokacin sanyi, in wurin bai yi musu ba shi zai biya musu kuɗin tafiya. Suka zo, suka zauna har sanyin ya wuce. Daga nan aka fara sayar da sanyi. Yau a garin, in tafki ya daskare, a kansa ake sukuwar dawaki da wasan folo. Megève kuwa wata mata ce daga gidan Rothschild, masu banki, ta raya shi bayan yaƙin duniya na farko, don ba ta son haɗa kafaɗa da Jamusawa a Saint-Moritz. Kun ji dalilin gina gari.

Courchevel shi ne abin mamaki. A 1946 majalisar jihar Savoie ta kafa shi da kuɗin jama'a, da niyyar talaka ma ya samu inda zai yi zamiya. Yau shi ne sarkin tsada. Yana da filin jirgin sama nasa a kan gangare, tsawonsa mita 537 kacal, don wanda ba ya son gajiyar mota ya sauka kusa da ƙofar otel. Ɗaya daga manyan otel ɗin garin, Cheval Blanc, na kamfanin LVMH ne, kamfanin Bernard Arnault, wanda ke sahun gaba cikin attajiran duniya.

Bari mu juya kuɗin zuwa sefa don mu gane. Tikitin yini guda na hawa kujerun igiya masu kai mutum bisa dutse, a yankin da ake kira Trois Vallées, mai hanyoyin zamiya kilomita 600, ya kai wajen yuro 80. Yuro guda sefa 656 ne, ke nan jika 52 da 'yan kai. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar a Nijar tun Janairun 2024 jika 42 ne a wata. Wato tikitin yini ɗaya, ba ci, ba kwana, ba hayar takalmi, ya fi gumin lebura na wata guda. Ɗaki a manyan otel ɗin, lokacin cikowa, na haura yuro 2,000 a dare: miliyan ɗaya da jika ɗari uku, albashin wata 31. Akwai gidajen katakon da hayarsu ta mako guda ta wuce yuro 100,000, fiye da sefa miliyan 65.

Kada ma ku ɗauka duk Bature ne ke zuwa. A Faransa kanta, cikin mutum goma da ƙyar ɗaya ke zuwa hutun zamiya. Direban bas na Marseille da mai sharar ofis ta Paris su ma a salula suke ganin Courchevel, kamar mu.

To, wani zai ce: ina ruwanku? Kuɗinsa ne, guminsa ko gadonsa, ya ga dama ya zuba su cikin ƙanƙara. Gaskiya ne, kuma da shi kaɗai ke biya, da mun ja bakinmu mun yi shiru. Amma abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bari mu duba su wa ke shan bugun.

Na farko ma'aikaci ne. Wanda ya gyara gadon, wanda ya wanke kwanukan, wanda ya tashi da asuba ya share ƙanƙara daga bakin ƙofa, ba ya fitowa cikin bidiyo. Ma'aikatan lokaci ne, 'yan cin rani in ji mu, suna zuwa daga Disamba zuwa Afrilu. A garin da ɗaki ya yi irin wannan tsada, ina za su kwana? Wasu ana cusa su da yawa a ɗaki guda, wasu cikin motoci suke kwana, sanyi yana ƙasa da sifili. Ranar 20 ga Janairun 2019, cikin dare, gobara ta tashi a wani tsohon gini da ake saukar da irin waɗannan ma'aikata a tsakiyar Courchevel. Mutum biyu suka rasu, fiye da ashirin suka ji rauni, wasu ta taga suka diro don su tsira da ransu. Taku kaɗan ne daga shagunan da ake sayar da jakar hannu kuɗin gida. Wannan ba ya shiga cikin "wurare goma".

Na biyu ruwa ne. Da yawan farin da kuke gani ba daga sama ya sauko ba, inji ne ya fesa shi. Tsaunukan Alp sun ɗumama da wajen digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19, kusan ninki biyu na abin da duniya gaba ɗaya ta ƙara. Dusar na makara, tana kuma narkewa da wuri. Masana na Suwis sun auna tsohuwar ƙanƙarar nan da ta shekara dubbai daskare a kan duwatsunsu, suka tarar cikin shekara biyu kawai, 2022 da 2023, kashi 10 cikin 100 nata ya narke. A Chamonix, inda aka yi wasannin Olamfik na sanyi na farko a 1924, akwai wani kogin ƙanƙara da ake kira Mer de Glace. Ya yi ta ramewa yana nutsewa har masu ziyara suka riƙa sauka matakala fiye da 500 kafin su taɓa shi, a wurin da a da 'yan taku ne.

Maimakon a saurari abin da dutsen ke faɗa, sai aka sayo injuna. A Italiya kusan kashi 90 cikin 100 na hanyoyin zamiya da dusar inji suka dogara, a Otirish kamar kashi 70, a Suwis wajen rabi, a Faransa kusan kashi 40. Ga yadda ake yi: a haƙa tafki bisa dutse, a shimfiɗa masa leda, a tara ruwa. Da dare in sanyi ya sauka, sai a tura ruwan da iska mai ƙarfi ta bakin injin, ya daskare kafin ya faɗo. Lita 1,000, wato bido 40 masu lita 25 irin na mai ga-ruwa, abin da take bayarwa shi ne dusar da za ta cika akwati biyu masu mita guda a kowane gefe. Ku yi lissafin hanya mai faɗi da ta yi kilomita da yawa. A garin La Clusaz, hukumar gari ta so haƙa tafki mai ɗaukar lita miliyan 148 cikin wani daji, kashi biyu cikin uku na ruwan don dusar inji. Masu kare muhalli suka hau bisa itatuwa suka tare, har kotu a Grenoble ta dakatar da aikin a Oktoban 2022.

In injin ma ya gaza fa? A Fabrairun 2020, a wani wurin zamiya na tsaunukan Pyrénées, kudancin Faransa, da jirgi mai saukar ungulu aka yi jigilar dusa tan 50 aka zuba inda ta rasa. Gstaad ma, garin manya, ya gwada irin haka a sanyin 2022 zuwa 2023. Jama'a, a tada jirgi a ƙona mai don a kai sanyi inda zafi ya kore shi, alhali hayaƙin man ne ya kawo zafin. Wallahi ko yaron lakwal ka ba wannan lissafi zai ce a sake shawara.

Kotun da ke binciken kuɗin gwamnati a Faransa, Cour des comptes, ta fito da rahoto a Fabrairun 2024, ta ce numfashin wannan tsari yana ƙarewa. Sai dai ku lura da wanda ke fara faɗuwa. Ƙananan wurare na ƙasa-ƙasa, inda malamin lakwal ke kai ɗiyansa ranar Lahadi, su ne ke rufewa. La Sambuy ya rufe a 2023. Manyan da ke can ƙololuwa, masu kuɗin sayen inji, su ne ke saura, kuma tsada suke ƙarawa. Har a wurin narkewa, ƙanƙarar talaka ke riga ta mai kuɗi.

Na uku mu ne. Mu faɗi gaskiya komai ɗacinta: ba ruwan pampon Damagaram aka kwasa aka kai La Clusaz ba. Matsalar ruwan Damagaram tamu ce, da namu shugabannin za mu yi ta. Amma sama guda ce a kanmu da su. Fiye da rabin hayaƙin da hutun zamiya ke fitarwa daga tafiyar yake fitowa, jirgi da mota. Jirgin alfarma na mutum ɗaya, irin mai ɗauko baƙo daga Landan ko Dubai, yana iya fitar da iskar kabon tan 2 cikin awa guda. Ɗan Nijar kuwa, in aka raba daidai, kamar kashi ɗaya cikin goma na tan yake fitarwa a shekara cur. Ke nan awa ɗaya ta mai jirgi daidai take da shekara ashirin ta manomin Dakoro. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba.

To wa ke girbar abin da aka shuka? A Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, mutane suka yi ta mutuwa a Bamako, mu ma nan mun ji a jikinmu. Da damanar shekarar ta zo, ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. Maraɗi ta ga abin da ba za ta manta ba. Tsohon masallacin Birni na Damagaram, da ke tsaye tun ƙarni na 19, ya zube ranar 3 ga Satumba. Aka ɗage komawa lakwal har ƙarshen Oktoba, don azuzuwa sun rushe, wasu kuma an sauke waɗanda suka rasa gidaje a ciki. Masanan da suka bi diddigin abin sun ce ɗumamar duniya ta ƙara wa zafin da ruwan ƙarfi. Ba mu ce mai zamiya a Courchevel shi ya rushe masallacin ba. Cewa muka yi salon rayuwar da bidiyon ke tallatawa, jirgi don hutun kwana uku da inji don ƙera sanyi, yana cikin masu hura wutar da mu ke zaune a bakinta. Wanda dusarsa ta narke sai ya sayi inji. Wanda ɗakinsa na laka ya narke fa, me zai saya?

An ce za a biya. A taron COP27 na Masar a 2022 aka yarda a kafa asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawo wa ƙasashe matalauta. A Dubai, shekarar da ta biyo baya, alkawuran da aka tara wajen dalar Amurka miliyan 700 ne, don duniyar talakawa kaf. Kasafin shirya wasannin Olamfik na sanyi na Milan da Cortina, na Fabrairun 2026, wasan mako biyu, ya ninka wannan fiye da sau biyu. Kuɗin akwai su, ba mu ne dai a gaban layi ba.

Ga kuma maganar wuta. Kujerun igiya da injunan dusa da lantarki suke aiki, kuma wajen kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga nukiliya take. Shekara hamsin aka yi ana haƙar uraniyom a Arlit ana kai musu. A ƙasar da aka haƙo shi, cikin mutum biyar kamar ɗaya ne ke da wuta a gida. Wannan ba sai mun yi dogon sharhi ba, kowa ya san daren da ya kwana yana fifita.

In akwai mai shakkar cewa sama guda ce, ga shaida. Ranar 6 ga Fabrairun 2021 iska ta kwaso ƙurar Sahara ta tsallaka teku da ita, dusar Alp ta koma launin jar ƙasa. Haka aka sake yi a Maris 2022. Ƙurar in ta kwanta, tana sa dusa ta sha rana ta narke da sauri. Ƙurar hamada ba ta neman biza kafin ta hau dutsen. Mutum ne ke nema, ya biya yuro 90, jika 59, in an hana shi kuma ba a maida masa ko dala.

Wannan ya kawo mu kan na huɗu, wanda ya fi ci mana rai. Akwai wani wurin zamiya mai suna Montgenèvre, a kan iyakar Faransa da Italiya, kamar mita 1,850 a bisa, wajen kilomita 12 daga garin Briançon. Da rana iyalai na zamiya, suna tsallaka iyaka a kan alluna, su ci abinci a Italiya su dawo Faransa, ba mai tambayarsu takarda. Da dare, a kan waɗannan gangara ɗin dai, ko ta wata mashiga da ake kira Col de l'Échelle, wasu ne ke bi a ƙafa. Tun wajen 2017 dubban matasa suka bi ta nan, da yawansu 'yan Gine, Mali, Kwaddibuwa, Kamaru da Najeriya. Mun san su ai. Da yawa ta tashoshinmu suka wuce: Yamai, Tawa, Agadas, Dirku, sai Libiya, sai teku. Sun sayi ruwa da burodi a hannun ɗiyanmu. Sun tsira daga ƙishirwar Tenere, sai ga su cikin dusa har gwiwa, da takalmin ƙwallo, ba safar hannu. Suna kashe fitila, suna barin hanya don kada jandarma su gan su, shi ke sa su ɓace cikin dutse.

A Mayun 2018 aka tsinci gawar wata budurwa 'yar Najeriya cikin kogin Durance, bayan ta guje wa jami'an tsaro da dare. A Fabrairun 2019 sanyi ya kashe wani saurayi ɗan Togo a gefen hanyar da ke gangarowa daga Montgenèvre. Wasu sun isa da rai amma an yanke musu yatsu, wani ma ƙafa, don sanyi ya kashe naman. Akwai waɗanda sai da dusa ta narke aka ga gawarsu. Kamar wannan bai isa ba, a Afrilun 2018 wata ƙungiyar masu ƙin baƙi, Génération Identitaire, ta hau Col de l'Échelle da jirage masu saukar ungulu, ta kafa shinge, ta shimfiɗa ƙaton ƙyalle mai cewa baƙi su koma gida. Sai a Maris 2021 gwamnatin Faransa ta rusa ƙungiyar.

Amma kada mu yi wa mutanen dutsen kuɗin goro. A Briançon akwai mazauna gari, masu jagoran hawan dutse, likitoci, tsofaffin malamai, da ke fita cikin dare da shayi mai zafi da barguna suna neman waɗanda suka ɓata. Tun 2017 suka buɗe gidan saukar baƙi. Bakwai daga masu goyon bayan baƙin kotu ta yanke wa hukunci a Disamban 2018 bisa tuhumar taimaka musu shiga ƙasa, sai a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su daga wannan tuhuma. Can kudu kuma, wani manomin zaitun, Cédric Herrou, ya sha kamu saboda saukar da baƙi a gonarsa, har maganarsa ta kai gaban majalisar kare tsarin mulki, wadda ranar 6 ga Yulin 2018 ta ce taimakon ɗan'adam don jinƙai, ko da takarda ko babu, yana cikin 'yan'uwantakar da tsarin mulkin Faransa ya ƙunsa. In da adalci, waɗannan mutane ya kamata a yi wa bidiyo.

Mun san abin da za a mayar mana. Za a ce harkar na ciyar da mutane. Haka ne, a Faransa kaɗai ana maganar ayyuka wajen 120,000. Kuma kafin a san zamiya, mutanen Savoie talakawa ne tilis. Da sanyi ya rufe gona, sai maza da yara su gangara Paris da Lyon neman kuɗi, yaran suna kutsawa cikin bututun hayaƙi na gidajen masu hali suna kankare kunkunniya. Nasu cin ranin na sanyi ne, bambancin ke nan. Don haka mun fahimci magajin garin da ke tsoron komawa gidan jiya. Amma ciyar da waɗannan mutane ba ya bukatar filin jirgi bisa dutse ko gidan miliyan 65 a mako. Wannan tsadar ma ita ke korar 'yan asalin wurin: matashin da aka haifa a ƙauyen ba ya iya sayen ɗaki a ciki, alhali gidajen baƙi na rufe kusan duk shekara. Kuma jikan ɗan cin rani, in ya ga ɗan cin rani na rawar ɗari a bayan otel ɗinsa, ya kamata ya tuna kakansa.

Za a kuma ce hassada ce ke damunmu. Mai hassada so yake abin ya dawo hannunsa, mu kuwa ko kyauta aka ba mu injin dusa ba mu da inda za mu kai shi. Ai mu ma mun san sanyi. Mun san tsoho da kaskon wuta a ɗaka, mun san almajirin da ke kwana a zaure da riga guda, mun san gobarar da ke tashi kowane hunturu don wani ya kwana da garwashi. Sanyi ba ya zama abin marmari sai ga wanda ke da ƙofar da zai rufe in ya ishe shi. Abin da ake sayarwa a Courchevel ke nan, ƙofar. Dusar kowa na iya samunta, har wanda ta kashe a gefen hanya.

To me muke so? Ga masu shafuka da masu tura bidiyo: in za ka yaɗa "wurare goma", ka sani talla kake yi wa otel ɗin da bai san da kai ba, bai kuma biya ka ba, da megan da ka saya da kuɗinka. A ƙalla ka haɗa da rabin labarin da aka yanke. Wani yaro a Mayahi ko Tanut yana kallon abin da ka tura, yana auna shi da gonar ubansa, yana ƙirga kuɗin mota zuwa Agadas. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma birnin nan ƙofarsa ta dare ce ake bar wa irinmu.

Ga 'yan'uwanmu da Allah ya kai Turai: muna murna da ku, muna yi muku addu'a. Amma in ka ɗauki hoto cikin dusa a gaban otel ɗin wani, ka gaya wa ƙannenka aikin da kake yi a ciki, awa nawa kake tsaye, ku nawa ne a ɗakin da kake kwana, da su wa kuka taso tare ba su iso ba. Wanke kwano ba abin kunya ba ne. Ƙaryar da za ta jefa ɗan wani cikin hamada ita ce abin kunya.

Ga masu halinmu da ke iya zuwa can hutu: in guminka ne, tsakaninka da Ubangijinka, sai dai muna tuna maka maƙwabcin da ɗakinsa ya faɗi. In kuwa kuɗin baitulmali ne suka sayi tikitin, ka sani za mu tambaya, a rediyo da nan.

Ga wakilanmu da ke zuwa tarukan yanayi kuma: kada ku je da ƙoƙon bara. Bashi ne kuke bi, kuma alƙaluman da muka jera a sama suna cikin takardar bashin. Abin da ya shigo hannu kuwa mu gan shi a magudanun ruwa na Maraɗi da azuzuwan da suka rushe, kada ya tsaya a otel ɗin taro.

Wanda ya taɓa aiki a waɗannan garuruwa, ko ya taɓa bin wannan hanya ta dare, ko yana da ɗan'uwan da ya bi ta, ya rubuto mana a ƙasa ko ya kira mu cikin shiri, ba sai ya faɗi sunansa ba. Samarin fada sun ga bidiyon masu otel, yanzu su ji daga bakinku. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a hamada, a teku da bisa dutse, ya ba mu damana mai albarka marar ɓarna. Mu kwana lafiya.